Evert Mai Koyar da Buɗe Ido

Evert Brakenhoff ya yi shekara goma sha huɗu yana wasan besbol a kulob ɗin Kwaɗi da ke bayan garin Haarlem, kuma in za a faɗi gaskiya, a duk tsawon shekarun nan ba a samu wanda ya kai shi rashin iyawa ba. Shi kansa bai taɓa musu ba. In aka tsokane shi sai ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ai ni ban taɓa cutar da ƙwallo ba. Duk wadda aka jefo mini lafiya lau take wucewa."

Ubansa mai tallar madara ne gida-gida a kan keke mai akwati a gaba. Evert yana ɗan shekara goma ya fara bin yaran unguwa zuwa filin wasa. Sunan kulob ɗin kuwa ba don ado aka sa shi ba. Filin a kwari yake, ramin ruwa ya kewaye shi ta gefe uku, bayan ramin sai shanun wani manomi, in aka kwana biyu ana ruwa kwaɗi ne 'yan kallo.

Kocin lokacin wani tsohon sojan ruwa ne da bai san wani abu wai shi lallashi ba. Ranar farko ya danƙa wa Evert kulkin da ya kusa kai shi tsawo, ya tsayar da shi a wurin bugu, ya sa wani ƙaton yaro ɗan shekara sha huɗu ya jefo masa ƙwallo da iya ƙarfinsa. Ita kuwa ƙwallon besbol ba ta da maraba da dutsen da aka ɗinke cikin fata. Ba ta zame ko'ina ba sai karan hancin Evert. Tun daga ranar hancin ya karkata hagu, bai sake dawowa ba. Amma yaron ya dawo. Yana son ƙamshin safar hannun fata, yana son ƙarar kulki in wani ya dace da ƙwallo, yana son farar riga mai lamba a baya. Haka ya yi ta zuwa, yana kai wa iska duka, yana komawa benci, har gemu ya fito masa.

Riet ce ta gano ciwon. Lokacin tana budurwarsa, tana aiki a shagon wanke hotuna. Wata Lahadi ta aro kyamara ta zo kallon saurayinta, ta ɗauke shi hoto goma sha biyu yana kai bugu. Da hotunan suka fito sai ta jera su a teburin kicin ɗin uwarta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗago.

"Evert, wai addu'a kake yi ne?"

Ya leƙa. A hoto na farko idonsa a rufe ruf. Na biyu haka. Har na goma sha biyu, fuska a yamutse kamar wanda ake ba wa magani mai ɗaci. Shekara goma sha huɗu, koci uku sun wuce, wannan ya ce ƙafarsa ce, wancan ya ce gwiwar hannunsa ce, babu wanda ya taɓa duban fuskarsa. Shi ma bai sani ba. Ya ce shi dai ya san in ƙwallo ta taho duniya takan ɗan yi duhu, ya ɗauka kowa haka yake gani.

A wannan shekarar ya ajiye kulki, ya auri Riet, ya samu aikin tuƙin bas, aikin da ya riƙe shekara talatin da ɗaya ba tare da ya taɓa rufe ido a kan hanya ba, kamar yadda yake yawan tunatar da mutane. A taron kulob na ƙarshen shekara shugaba ya tambayi wa zai karɓi ƙananan yara, 'yan shekara biyar zuwa takwas. Kowa ya duƙar da kai yana leƙen ƙasan kofin kofinsa. Evert ya ɗaga hannu. Ɗakin ya kece da dariya, wani daga baya ya ce, "Me zai koya musu? Yadda ake komawa benci a zauna?" Amma da yake babu wani hannun da ya ɗagu, aka ba shi makullin ɗakin kaya.

Larabar farko, da yamma bayan an tashi makaranta, yara tara suka zo, kowanne yana jan kulki a ƙasa kamar jela. Evert ya karɓe kulakan duka ya kulle su. Ya buɗe jakar cefanen Riet, ya zazzage safunan ƙafa da aka dunƙule biyu-biyu, ya ce kowa ya nemi abokin jifa.

"Ome Evert," in ji wani yaro, domin haka yaran unguwar ke kiran duk dattijon da suka ɗauka kawu, "wannan ai safa ce."

"Safa ce. Ta taɓa fasa wa wani hanci?"

"A'a."

"To madalla. Cafke."

Da safa ake farawa, hannu tsirara, taku uku tsakanin yaro da yaro. Evert ba ya duban hannun kowa. Sai ya durƙusa a gefe, ya ƙura wa fuskar yaro ido. Wanda ya ƙifta a lokacin da safa ta iso, gobe ma safa. Wanda ya bi ta da kallo har ta sauka a tafinsa sau goma a jere, sai a ba shi ƙwallon tanis da safar hannu. Bai yarda da kalanda ba. Wani yaron mako biyu ya wuce, wani sai ya ci wata uku yana safa, kuma Evert bai taɓa nuna wa na wata ukun cewa ya makara ba. Riet dai ta nuna. Ta ce tun da ta yi aure ba ta sake ganin safa biyu masu kama da juna a gidanta ba, kuma ranar bikin ƙanwarta mijinta ya je coci da ƙafa ɗaya shuɗiya, ɗaya ruwan toka.

Bayan cafka sai gudu, kuma nan ne ake shan kallo. Dokar ba ta da wuya: ka bugi ƙwallo, ka yar da kulki, ka ruga zangon farko ta hannun dama, daga nan na biyu, na uku, ka dawo gida inda ka fara, kafin abokan hamayya su tsinto ƙwallon su riga ka. Sai dai kan ɗan shekara biyar yana da tasa dokar. Wani ya miƙe ta hagu. Wani ya bi ƙwallon da kansa don ya taimaka a tsinto. Wani ya wuce zangon farko ya zarce wurin uwarsa ya hau cinya. Evert ya rasa yadda zai yi, sai ya koma abin da ya iya. Ya jera su a bayansa, kowa ya riƙe rigar na gaba, ya kama sitiyarin da babu shi, ya ɗaga murya irin ta cikin bas: "Zango na gaba, na biyu! Mai sauka ya danna ƙararrawa, wanda ba ya sauka ya riƙe ƙarfe!" Suka yi ta kewaya filin suna ƙugin inji, shanu suna kallonsu ta bayan rami. Tun daga nan ba a sake samun ɗan Kwaɗi da ya yi hagu ba.

Sai yaro ya ƙware a wannan duka ake fito masa da kulki. Ko a nan ma ba wanda zai jefo masa komai. Ana ɗora ƙwallo a kan turken roba mai tsayin cibiya, tana zaune abinta ba ta motsi, yaro ya buga. In ya saba, Evert ya durƙusa kusa da shi yana lallaɓo masa ƙwallo daga ƙasa a hankali. Daga nan ya ja baya taku biyar, ya ja goma. Ƙwallo mai tauri, wadda ake jefowa ta saman kafaɗa, ita ce ta ƙarshe, kuma yawanci sai yaro ya kusa barin hannunsa yake ganinta.

Iyaye ba duka suka so wannan tafiyar hawainiya ba. Akwai wani likitan haƙori, Meneer Van Stralen, wato Malam Van Stralen, da ya sayo wa ɗansa ɗan shekara shida kulki daga Amurka, har da sunan yaron a jiki. Mako uku yana tsaye a bakin wayar shingen filin yana kallon ɗansa yana cafkar safa. A na huɗu ya shigo filin.

"Meneer Brakenhoff, ni wasa na kawo shi ya koya, ba wanki ba."

"Yana ƙiftawa, likita."

"Kowa yana ƙiftawa! Ni ma ina ƙiftawa!"

"Ai kai ba a jifanka da komai a wurin aiki."

Likita ya kwashe ɗansa ya kai shi wani babban kulob a cikin gari, inda suke da injin da ke harbo ƙwallo. Bayan mako biyu sai ga su sun dawo, yaron yana murmushi da giɓi a gaba. Likita ya tsaya yana murza makullin mota, ya ce dama haƙorin na nono ne, yana girgiɗi tun tuni, amma dai shi ba ya son ya riƙa tarar da aiki a gida. Evert ya miƙa wa yaron safa.

A haka shekaru suka tafi. Yaran da ya fara da su suka girma, suka kawo masa nasu yaran. Ya yi ritaya daga tuƙi, gashi ya yi fari, gwiwa ta fara ƙara in ya durƙusa. Cikin ɗaruruwan yaran da suka bi ta hannunsa, ɗaya ne kawai ya kuɓuce masa bai gama matakan ba, shi ne Jurdel Winklaar.

Jurdel ya zo daga tsibirin Curaçao da uwarsa yana ɗan shekara bakwai. A can yara da sandar tsintsiya da marfin kwalba suke tashi, saboda haka ya iso da hannu a gyare. Ranar farko ya dubi safa, ya dubi Evert, ya ɗauka an raina shi ne. Wani daga manyan kulob ya ba shi kulki don gwaji, ya narka wa ƙwallo duka ta tsallake rami. Kafin mako biyu aka ɗauke shi aka kai shi ajin 'yan shekara goma. Evert ya je har ofis ya ce a bar masa yaron ko da wata biyu ne, don bai taɓa ganin idonsa lokacin da ƙwallo ta nufo fuskarsa ba. Aka ce masa yaron da ke aika ƙwallo wurin shanu ba ya bukatar safa.

Kuma shekara goma sha tara kamar manyan ne suka yi gaskiya. Jurdel ya zama ƙato mai faɗin kafaɗa, gwanin babbar ƙungiyar Kwaɗi, wanda in ya fito da kulki masu sayar da soyayyen dankali ke barin kasko su leƙo. Ranakun aiki yana gyaran wutar lantarki, Lahadi kuwa sarki ne. Sai wata Lahadi wani mai jifa ya saki ƙwallo ta kauce, ta daki Jurdel a hular kwano daidai kunne. Ya faɗi, ya tashi, ya karkaɗe wando ya ce babu komai. Asibiti ma suka ce babu komai. Amma daga ranar kulkinsa bai sake haɗuwa da ƙwallo ba. Wasa goma sha ɗaya a jere, duk fitowa sai ya yi kuskure uku, adadin da ke fitar da mai bugu, ya koma benci.

Shawara kuwa ta zo masa ta ko'ina. Kocinsu ya canja masa tsayuwa sau huɗu. Aka sayo sabon kulki, aka koma tsohon. Wani ya ce ya daina aski ranar wasa. Uwarsa ta ce yunwa ce, abincin ƙasar nan ba ya riƙe ciki, ta dinga aiko masa da tukunyar naman akuya har wandon wasa ya fara matse shi.

Wata Laraba ana yayyafi, Evert yana zazzage jakar safa, sai ya ga inuwa ta rufe shi. Jurdel ne, da jakar kaya a kafaɗa, yana duban ƙasa.

"Ome Evert, ko za ka ɗan duba mini bugun nan? Minti goma kawai."

"Ajiye kulkin a ɗakin kaya."

"Ai bugun nake so ka gani."

"Na ji. Ajiye shi. Fenna! Zo ga abokin jifa na samo miki."

Fenna Oudshoorn 'yar shekara bakwai ce, mai kitso biyu da gilashi, wadda ta riga ta kai matakin turke, kuma ba ta yafe wa kowa kuskure, har da Evert. Ta zo ta tsaya gaban Jurdel, kanta bai wuce ɗamararsa ba, ta auna taku uku, ta dunƙule safa ta wurga masa a fuska. Ya cafke cak, da hannu ɗaya, yana dariya.

"Ka rufe ido," in ji Fenna.

"Ni? Ai ga ta a hannuna."

"Ka cafke, amma ka rufe ido. Ome Evert, ya rufe!"

"Na gani," in ji Evert.

Jurdel ya ce a sake. Aka sake. Ya rufe. A jifa na biyar yaran duka sun bar abin da suke yi sun kewaye shi, duk safar da ta taso sai su haɗa baki, "Ya rufe!" Ƙaton ya tsaya a tsakiyarsu da safar Riet mai ɗigo-ɗigo ja a hannu, ruwa na sauka a wuyansa, dariyar ta ɗauke.

Bayan an tashi Evert ya ja shi kantin kulob, ya sayo musu soyayyen dankali da kofi. Jurdel bai taɓa nasa ba. Ya ce shi bai taɓa jin tsoron ƙwallo ba tun da aka haife shi, kuma yanzu ma ba ya jin wani tsoro a ransa.

"Ai ba a rai yake zama ba," in ji Evert. "Da a rai yake da na kore shi tun ina ɗan sha biyu. A fatar ido yake zama, kuma ita ba ta jin magana. Ni tawa shekara goma sha huɗu tana yi mini haka ban sani ba." Ya taɓa karkataccen hancinsa. "Kai wasa goma sha ɗaya ne kawai. Ci dankalinka."

"Zai ɗauki kwana nawa?"

"Tambayi Fenna. Ita ce mai ƙirga."

Haka gwanin Kwaɗi ya koma ajin 'yan shekara biyar, Laraba da Asabar. Labari bai kwana ba ya zaga kulob. Asabar ta biyu abokan wasansa shida suka zo suka jeru a bakin waya, ɗaya ya kawo masa kwalbar shan madarar jarirai, wani yana kiran, "Jurdel, in ka gama a zo a canja maka nafkin!" Jurdel ya cije leɓe. Evert ya taka a hankali har wurinsu, ya zaɓi wanda ya fi baki, ya ce ya cire tabarau. Ya wurga masa safa a fuska ba shiri. Mutumin ya runtse ido, ya kare kai da hannu biyu, har ya taka ƙafar na kusa da shi.

"Akwai wuri ranar Laraba," in ji Evert. "Ƙarfe biyu. Ka zo da ruwan sha."

Ba su sake zuwa ba.

Kwana goma sha bakwai Jurdel ya yi yana safa. Sau biyu yana kaiwa tara a jere, a na goma ya ƙifta, Fenna ta mayar da shi ɗaya ba tare da ko tausayi ba. Ya gwada ba ta cin hanci da baƙar alewa mai gishiri, ta karɓa ta cinye, ta ce har yanzu ɗaya ne. Ranar da ya cika goma, yaran suka yi masa tafi kamar yadda ake yi wa kowa, wani ɗan shekara biyar ya dafa gwiwarsa ya ce kada ya damu, shi ma da farko ya sha wuya. Shugaban kulob ya zo ya ce ana bukatar Jurdel a wasan Lahadi. Evert ya ce bai ko kai ƙwallon tanis ba tukuna. Shugaban ya buɗe baki, ya tuna wasa goma sha ɗaya, ya rufe.

Gudun bas ma bai tsira ba. Evert ya ce ba a tsallake mataki don mutum yana da gemu. Aka sa shi a ƙarshen layi, ya sunkuya ya riƙe rigar wata 'yar mitsitsiya da yatsa biyu, yana ƙugin inji ƙasa-ƙasa. Fenna ta waiwayo ta ce ba a jin nasa injin.

Da aka kai turke sai da aka ɗora shi a kan akwatin lemo kafin ya kai masa cibiya. Evert ya kwashe yaran duka ya mayar bayan raga. Jurdel ya ƙura wa ƙwallon ido, ya saki kulki. Ƙarar da aka yi watanni ba a ji ba ta tashi, ƙwallo ta tsallake rami, ta faɗa tsakiyar shanu, suka watse da gudu, manomin ya fito daga rumfa yana ɗaga cebur. Jurdel ya juyo da murna. Evert ko ƙwallon bai kalla ba.

"Fenna?"

"A buɗe!"

Matakin da ya rage kafin jifa na gaske shi ne wanda Evert ke durƙusawa yana lallaɓo ƙwallo. Ya durƙusa, ya lallaɓo guda talatin, duk Jurdel ya aika su cikin raga. Da aka gama ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake yunƙurawa, ya ce da yaran su daina kallonsa, duba ciyawa yake yi. Ƙarshe Jurdel ne ya sungume shi kamar buhun dankali ya kai shi kantin, yara goma sha huɗu na biye suna ƙugin motar asibiti. Riet ta zo da mota ta ɗauke shi. Duk hanya tana faɗa, ta ce mutum ɗan shekara sittin da takwas, likita ya ce kada ya durƙusa ko a coci, shi ne zai je ya durƙusa wa ƙato a cikin taɓo.

Mako bakwai cif Jurdel ya yi kafin Evert ya ce ya koma. Ranar Lahadin Evert ya zo da sanda, ya zauna a benci na gaba, yaransa sun jeru hagu da dama, ya rataya abin hangen nesa da Riet ke kallon tsuntsaye da shi. Aka kira sunan Jurdel. Ƙwallo ta farko ta wuce, ya kai duka ya kuskure. Ta biyu haka. Ta uku ta taho da gudu kusa da haɓarsa, ta lanƙwasa, ya kai duka ya sake kuskurewa. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu, ya fita. 'Yan kallo suka yi tsaki gaba ɗaya.

Sai ga tsoho ya miƙe tsaye, gwiwa ko ba gwiwa, yana kaɗa sanda a sama yana ihu, "Haka nake so! Yaro ya warke!" Yara goma sha huɗu suka tashi suna tsalle. Mutane suka waiwayo. Wata mata ta ja jakarta ta matsa gefe, ta raɗa wa mijinta cewa tsufa ba ta da kyau. Wani ya ce, "Ome Evert, fita fa ya yi."

"Ya fita yana kallo! Ka ga idon nan? Kamar na mujiya!"

A zagaye na biyu ma ya fita. A na uku ya taɓa ƙwallon da bakin kulki, ta gangara a ƙasa sululu kamar ba ta so, ta ratsa tsakanin mutum biyu da kowannensu ya ɗauka ɗayan zai ɗauka. Jurdel ya ruga ya taka zangon farko. Bugu ne da a da ko kallonsa ba zai yi ba, amma ya tsaya a kan zangon yana haki, ya cire hular kwano ya ɗaga wa bencin yara. Fenna ta gyara gilashi ta ce ba laifi, amma ya makara wurin yar da kulki. Kwaɗi sun sha kashi a wasan, bakwai da biyu. Jurdel ya ƙara shekara huɗu yana bugawa, kuma shanun manomin ba su sake samun kwanciyar hankali ba sai da ya yi ritaya.

Da Evert ya cika shekara arba'in da biyar yana koyar da yara, kulob ya shirya masa walimar girmamawa wata Asabar da rana. Riet ta sa shi ya saka kwat da laktayi. Aka cika kantin maƙil, aka kawo kek, wani jami'i daga majalisar gari ya zo da lambar yabo da jawabi shafi shida. Yana shafi na biyu, inda yake bayanin muhimmancin wasanni ga lafiyar al'umma, Evert ya fara leƙen taga. Yana shafi na huɗu aka duba kujerar mai walima, babu kowa sai sanda a jingine.

Ta taga aka hango shi can ƙarshen fili, yana ɗingishi, kwat na kaɗawa. Ya hangi wani yaro ne da bai wuce shekara huɗu ba a bakin rami, riƙe da kulki ta wurin kai, ya tsoma mariƙin a ruwa. Evert ya iso yana numfashi sama-sama.

"Kai ɗan saurayi, ba ta nan ake riƙewa ba. Kuma wa ya ba ka kulki tun yanzu?"

Yaron ya ɗora yatsa a baki. "Yi shiru. Kifi nake kamawa."

Evert ya dubi kulkin, ya dubi ruwan. Ya waiwaya ya hangi jami'in ta taga yana juya shafi na biyar. Sai ya lallaɓa ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa da sabon wandonsa, ya rage murya.

"Ka kama ko ɗaya?"

"Saura kaɗan."

"To bari in taya ka jira."